Kafin ka sa tubalin farko a Maradi

Ƴan uwa masu tunanin barin haya, ku zauna ku yi lissafi tukuna. Daɗin gidan kanka ba a faɗa, ba mai buga maka ƙofa ƙarshen wata, ɗakuna yadda iyalinka ke so, kuma in kuɗi sun yanke sai ka tsaya har Allah Ya hore. Amma fa wahalar ma tana nan.

Fara da fili. Kar ka ba da ko dala sai ka ga takardar parsel ɗin ka je meri, wato ofishin magajin gari, an duba maka, don fili ɗaya ana saida ma mutum biyu, wallahi abin nan ya sa mutane kuka. Sannan ka je wurin da damina ka ga inda ruwa ke bi, mu da Gulbi ya cinye tsohon gari a 1945 har aka hau tudu bai kamata a yi mana dogon bayani ba.

Siminti kuwa, na Malbaza ne ko wanda ke shigowa daga Najeriya ta bodar Dan Isa, farashinsa ba ya zama wuri ɗaya, kun ga yadda aka sha lokacin rufe boda a 2023, shi ya sa in ka samu kuɗi gara ka buga bulo ka aje. Magini kar ka biya shi duka, mataki-mataki, kuma ka riƙa leƙawa kullum ko ka sa ƙanenka.

In parsel ɗin na bayan gari ne ka tambayi nisan fal ɗin wutar NIGELEC da famfo, jawo su kaɗai na iya cin kuɗin ɗaki guda.