Darasi na 7: Richard Wagamese, marubucin da laburare ya yi rainonsa

Toh jama'a, yau karatunmu zai kai mu ƙasar Kanada ne. Mu karanta a hankali, in kalma ta yi maka wuya ka ja mata layi ka wuce, kar ka tsaya, za mu dawo kanta.

Tun kafin Turawa su zo Kanada akwai 'yan asalin ƙasar da suke zaune nan tun kaka da kakanni, daga cikinsu akwai ƙabilar Ojibwe. A cikinsu aka haifi Richard Wagamese a 1955, a wani gari da ake kira Minaki a lardin Ontario. Iyayensa suna cikin yaran nan da gwamnati da coci-coci suka riƙa kwashewa ƙarfi da yaji ana kai su makarantun kwana, a hana yaro yin yarensa, ga duka ga wulaƙanci, yara wajen 150,000 aka yi wa haka. Iyayen sun fito da miki a zuciya sai suka faɗa shan giya. Richard bai wuce shekara uku ba aka bar shi da 'yan uwansa su kaɗai a daji cikin hunturu, manya sun tafi garin Kenora, abinci ya ƙare itace ya ƙare, yaran suka fito, ɗan sanda ne ya tsince su. Hukuma ta ɗauke shi, yau wannan gidan riƙo gobe wancan, yana shekara tara wasu Turawa a garin St. Catharines suka karɓe shi, kuma ba mai yi masa zancen mutanensa sam.

Yana shekara 16 ya gudu. Kwanan titi, shaye-shaye, har gidan yari ya shiga ba sau ɗaya ba.

Yanzu ku kasa kunne, nan ne darasin yake. Sanyi ne ya kore shi ya shiga laburaren gari don ya samu ɗumi, ba wai karatu ya je yi ba, amma da yake ga littattafai nan jibge kuma ba mai ce masa kawo kuɗi, sai ya fara ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana karantawa, wanda ya gane da wanda bai gane ba duk yana bi, haka nan har karatu ya zama masa jiki. Mutumin da ko sakandare bai gama ba fa.

Yana shekara 23 ya koma wurin danginsa, wani dattijo ya raɗa masa suna irin nasu ya ce masa aikinka shi ne ba da labari. A 1979 ya fara aikin jarida, a 1991 ya ci babbar lambar yabon 'yan jarida ta ƙasar saboda rubutunsa a jaridar Calgary Herald, shi ne ɗan asalin ƙasar na farko da ya taɓa cin ta. Littafin ƙagaggen labarinsa na farko, Keeper'n Me, ya fito a 1994, lokacin ya kusa arba'in. Wanda aka fi saninsa da shi Indian Horse ne na 2012, labarin wani yaro Saul da aka kai irin makarantar kwanan nan, yana fakewa da wasan hoki na kan ƙanƙara don ya manta abin da ake yi masa. Ni abin da ya fi taɓa ni, shi Richard bai yi wannan makarantar ba, wahalar iyayensa ce ya zauna ya fahimta har ya rubuta ta maimakon ya tsine musu. Ya rasu a garin Kamloops a watan Maris na 2017 yana shekara 61.

Aikin aji: kowa ya koma kan kalmomin da ya ja wa layi, ya karanta wa na kusa da shi. Sannan a lissafa, Richard yana shekara nawa ya fara aikin jarida? A rubuta amsar da lamba da kuma kalmomi.

Aikin gida: ka je wurin wani dattijo ko dattijuwa a gidanku, ka tambaye su daga ina kakanninku suka taso, me ya kawo su garin nan. Ka rubuta jimla biyar, kowace ka fara da babban baƙi ka rufe da aya, ko rubutun ya karkace ba komai. A zo da shi aji na gaba.