Babi na 6: Hoton zuciya lokacin da take cikin aiki

Darasi na 1

Wani zai ce in ya hau bene ko ya ɗebo ruwa sai haki ya kama shi, amma a duba shi a kwance a ga zuciyarsa lafiya lau. Zuciya kamar jaki ce, sai an ɗora mata kaya ake sanin ƙarfinta. Shi ya sa likita ke ɗaukar hotonta sau biyu: tana hutawa, da kuma bayan ta yi aiki. Na'urar irin ta sikanin ɗin masu juna biyu ce. Ba a yanka kowa. Wani mai ne mai sanyi ake shafawa a ƙirji.

Darasi na 2

Za ku hau injin tafiya, wato injin da mutum ke tafiya a kansa ba tare da ya bar wurin ba. Duk bayan minti 3 ana ƙara masa sauri da tudu. Ana so bugun zuciya ya kai wani adadi: a cire shekarunku daga 220, a ɗauki kashi 85 cikin 100. Mai shekara 60, bugu 136 ke nan a minti ɗaya. Kada lissafin ya dame ku, aikin likita ne.

Ga naku aikin. Da an tsayar da injin, ku kwanta nan take, ta gefen hagu. Hagu, hannun da ba a cin abinci da shi. Ba zama, ba neman ruwa, ba gyara zane. Ku kwanta. Cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake ɗaukar hoton, domin zuciya ba ta jiran kowa, tana komawa hutu sai shaidar ta ɓace. Mu sake: injin ya tsaya, sai me? Kwanciya. Ta wane gefe? Hagu. Madalla, Inna, haka ne.

Na gwada wannan a aji da tabarma, sai ga Malam ya tsaya cire hula yana ninke babbar riga. Haba Malam! Sau nawa zan faɗa? Wahalar da kuka sha a kan injin ta tafi a banza ke nan. Hagu, nan take.

In ƙirji ya yi ciwo ko jiri ya ɗebe ku, ku faɗa. Ba wurin nuna jarumta ba ne.

Darasi na 3

Kada ku cika ciki kafin ku je. Goro, shayi da kofi, ku tambayi likita. Maganin hawan jini ma kada ku bari da kanku.

Darasi na 4

Ku sa takalmin da ba ya zamewa. Ban da silifas.