Jakar gaban keke: kurakuran da muke tafkawa wajen siye da ɗaurawa

Jama'a barkanmu da warhaka. Tun da samari suka rungumi harkar keken tafiya mai nisa nan Sakkwato, ranar Asabar a yi sammako a nufi Bodinga ko Kware a dawo kafin rana ta take, kusan duk wanda ka gani akwai 'yar jaka maƙale a kan kekensa. To wallahi da yawa ba daidai aka ɗaura su ba, ni kaina sai da na sha wuya kafin in gane.

Babban kuskuren shi ne lodi. Mutum ya je kasuwa ya zaɓi wadda ta fi kowacce girma, wai don kuɗinsa su yi amfani, ya zo ya danƙara mata kaya kamar mai ƙaura. Ba ni mantawa, jakata ta farko na zuba mata goran ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi, ga famfo ga sifana ga ƙullin dabino, na kama hanyar jami'a, ina isowa gadar Kwalkwalawa wata tifa ta wuce ni da gudu sai kan keken ya fara rawa a hannuna, na so in kauce ma rami ya ƙi juyowa da wuri, Allah ne dai ya tsare. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce malam, wato kilo uku na rataya a sama can gaban taya, a daidai abin da nake tuƙi da shi. Ko kamfanin Ortlieb na Jamus da ya yi suna a wagga sana'a kilo 5 ya yanke ma tashi jakar, ni kam shawarata kar ka wuce biyu. Ruwa ya koma jikin firam, ƙarafa su koma kariya ta baya, gaba ka bar waya da 'yan canji da goro ko dabino, da katin shaida saboda shingen jami'an tsaro. Jaka mai cin lita 5 zuwa 7 ta ishe ka.

Sai kuma siye ba awo. Kaurin ƙarfen kan keke ba ɗaya ba ne, tsofaffin kekuna yawanci milimita 25.4 ne a tsakiya, sababbi kuwa 31.8, in maƙalin ya yi ma ƙarfen yawa ko ka ɗaure noti har ya lalace sai ya sulluɓe. Ka tafi da keken wajen mai kaya a gwada a gabanka. In ka riga ka siya, yanko tsohon tub ka naɗa ma ƙarfen sannan ka ɗaura. Masu kai irin na tsere mai lanƙwasa ku auna faɗi ma, kar jaka ta hana hannun giya shiga ciki. Su baba masu Phoenix mai birkin ƙarfe kuwa ku haƙura da kwandonku, wanga abu bai zama a can.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne danne wayar birki. Za ka ga an cusa jakar ta matse wayoyin birki da na giya har sun lanƙwashe, a tsaye lafiya lau, sai ka zo shan kwana birkin gaba ya kama da kansa ko giya ta yi ta tsalle, ka je wajen mai gyara yana ta kwance baya alhali ciwon na gaba ne. Bayan ka ɗaura, ɗaga tayar gaba, juya kan har ƙarshe hagu da dama, ka matsa birki ka saki. In bai koma da sauri ba to a sake, ko a sa waya mai ɗan tsawo, ba ta da tsada.

Akwai masu jefar da 'yar wayar nan da ke zuwa cikin kwalin maƙalin jaka samfurin KlickFix, suna zaton tarkace ce. Ita ake zagayawa ta ƙarƙashin wuyan keke don kar jaka ta sunkuya in an faɗa gargada. Ka ɗan ɗaga bakin jakar sama kaɗan tun farko don za ta zauna, kuma ka bar aƙalla yatsa uku tsakaninta da taya, in ba haka ba kafin ka kai Wamakko taya ta huda mata gindi. Fitila ma a sauko da ita ƙasa, da yawa jaka ke tare musu haske ba su lura ba sai magariba ta same su a hanya.

Aljihun nan na leda da ke sama, na duba taswira, yana da kyau a hoto amma ranar Afrilu da zafi ke haura digiri 40 waya za ta yi zafi ta ɗauke, batir ya lalace a banza. Ka sa ta ciki ka rufa mata hankici. Da hunturu kuma ƙura ce ke cinye zif, ka riƙa goge shi da tsohon buroshi ka shafa mishi kyandir, man shafawa dai ƙara tara ƙurar yake yi.