Iska da zafin rana a saman teku: inda ɗalibai ke zubar da maki

Ɗaliban labarin ƙasa a nan Jos, waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin teku da ido ba, sukan gamu da tambaya a kan yadda iska da zafin rana ke shafar ruwan saman teku, wato ɓangaren da ke gauraye har zafinsa ya zama kusan ɗaya daga sama zuwa wani zurfi. Tambayar ba ta da wuya, amma ana faɗuwa a kanta.

Babban kuskuren shi ne ɗaukar cewa rana da iska aiki ɗaya suke yi. Ina! Jayayya suke yi. Idan rana ta ɗumama ruwan sama, nauyinsa yakan ragu, sai ya zauna daram a kan na ƙasa mai sanyi, ya ƙi cakuɗuwa da shi. Iska ce ke ta da igiyar ruwa, ta dama shi, ta tura ɗumin ƙasa. Shi ya sa ranar da aka ƙwalla rana babu iska, ɗumin kan tsaya a mita ɗaya ko biyu na sama, amma idan iska ta yi ƙarfi sai gaurayar ta kai mita hamsin ko fiye. Wanda ya taɓa tsoma jiki a kududdufan haƙar kuza na wajen unguwar Rayfield a nan Jos da tsakar rana ya san abin: ƙirji da ɗumi, ƙafa sanyi ƙalau. Ba cewa na yi a je a gwada ba, ramukan nan sun ci rayuka. Gyaran dai shi ne, kafin ka rubuta komai, ka tambayi kanka, tsakanin rana da iska, wanne ya rinjayi wani a wannan lokacin.

Kuskure na biyu shi ne mantawa da abin da ke faruwa da dare. Rana na faɗuwa, saman teku ya fara sakin zafinsa, tururin da ke tashi ma yana ƙara sanyaya shi. Ruwan ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, ko da babu iska. A tekun Labrador, kusa da Kanada, sanyin hunturu kan kai wannan nutsewar har kusan mita 2,000 a wasu shekarun.

Wasu kuma sukan zana kibiyar ruwa tana bin ta iska sak. Nansen, mai bincike ɗan ƙasar Norway, ya lura a tafiyarsa ta tekun Arctic daga 1893 zuwa 1896 cewa ƙanƙara tana karkata dama da inda iska ta nufa, Ekman kuma, masanin teku ɗan Sweden, ya yi bayaninsa a 1905: juyawar duniya ce sanadi. A arewacin duniya ruwan na karkata dama, a kudanci hagu, kuma idan aka haɗa tafiyar ɓangaren gaba ɗaya, kusurwar takan kai digiri 90.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne cewa tekunmu na yankin Gini kullum da ɗumi yake tunda ƙasar zafi ce. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasa a gaɓar Ghana da Kodebuwa, ɗauke da abincin kifi, lokacin ne masunta ke cika jiragensu da kifin sadin. A amsarka ka ambaci watannin, ka kuma faɗi cewa ba iskar gaɓar kaɗai ke jawo shi ba, har da motsin ruwa da ke zuwa daga can tsakiyar tekun Atilantika.