Kurakuran da aka fi yi wajen tsara dokoki da mulkin masihirta a wasan kwaikwayo na tebur

Wasan kwaikwayo na tebur, wanda jagora ɗaya ke ba da labari sauran 'yan wasa kuma kowa ya ɗauki mutum guda yana magana da bakinsa yana yanke masa shawara, ya samo asalinsa na zamani ne daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974. Matasan Sakkwato da suka ɗanɗana shi, ko a zaure bayan la'asar ko a rukunin WhatsApp da dare, sukan so su gina duniyarsu da kansu maimakon su ari ta Turawa, kuma abin da suka fi sha'awar ginawa shi ne al'ummar masihirta mai majalisa da muƙamai da dokoki. A nan ne kuma aiki ya fi lalacewa, domin ƙirƙiro mutum mai kiran guguwa abu ne mai sauƙi, amma bayyana dalilin da zai sa irin wannan mutum ya amsa sammaci ya zauna a gaban masu shari'a yana buƙatar tunani mai zurfi.

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne haɗa ƙa'idar wasa da dokar masihirta a matsayin abu ɗaya. Ƙa'idar wasa ita ce ke cewa sai an jefa ƙwayar wasa irin ta lido amma mai fuska 20 kafin a san ko sihiri ya ci, kuma ba ɗan wasan da ke da ikon tsallake ta. Dokar masihirta kuwa ta cikin labari ce, mutanen cikin labarin ne suka kafa ta, saboda haka mutanen cikin labarin suna iya karya ta. Jagoran da ya ce wa ɗan wasa "ba za ka iya ba, doka ta hana" ya kashe wasan da hannunsa. Abin da ya kamata ya ce shi ne doka ta hana, ga abin da ake yi wa wanda aka kama, sannan ya tambaye shi ko har yanzu zai aikata. Da zarar ɗan wasa ya tsaya yana auna riba da hasara, doka ta yi aikin da aka kafa ta dominsa.

Sai yawan doka. Jagora mai ƙwazo yakan cika shafuka da sashe-sashe kafin a fara wasa, ya tura wa abokansa, ba wanda zai karanta, ranar da aka karya sashe na talatin da wani abu kuma a tashi da gardama. Gyaran shi ne a rage dokokin asali zuwa abin da za a iya haddacewa a zama ɗaya, kuma kowace doka a ba ta tarihin ɓarnar da ta sa aka kafa ta. Idan an hana masihirci shiga mafarkin ɗan'uwansa, a san wane ne ya taɓa yin haka, me ya sata, gidaje nawa suka rabu a dalilinsa, kuma su wane ne jikokinsa da har yau ake kallonsu da wannan tabo. Wasan Ars Magica, wanda Jonathan Tweet da Mark Rein-Hagen suka fitar a 1987, ya bi wannan hanya da kyau: masihirtansa suna ɗaukar alkawari guda da ya ƙunshi abubuwa kaɗan, kamar kada a raba ɗan ƙungiya da ikonsa, kada a leƙa asirinsa da sihiri, kada a tsoma hannu cikin al'amuran mutanen gari har a jawo wa ƙungiya masifa, sauran dokoki kuwa suna taruwa ne daga hukuncin da majalisun yanki ke yankewa a zamansu na kowace shekara 7. Duk rukunin da ke wasa zai iya yin haka da littafin rubutu guda: duk hukuncin da majalisar cikin labari ta yanke a rubuta shi da sunan wanda aka yanke wa, daga baya 'yan wasa da kansu za su riƙa kafa hujja da shi.

Babban ramin da kusan kowa ke faɗawa shi ne rashin amsa tambayar wa zai kama mai laifi. Ana rubuta cewa duk wanda ya yi kaza za a hukunta shi, alhali wanda ya yi kazan yana iya ɓacewa, ko ya rikiɗa ya zama wani, ko ya ƙone fadar da za a yi masa shari'a. Wasu jagorori sukan tsere wa matsalar ta hanyar ƙirƙiro dogarai da suka fi kowa ƙarfi, waɗanda ke faɗowa daga sama da zarar an yi laifi. Wannan ba ya gamsar da mai hankali, domin nan take zai tambaya me ya sa waɗannan dogarai ba su karɓe mulkin ba, kuma me ya sa ba su ne ke magance masifun da aka tura 'yan wasa su magance ba. A ganina amsar da ta fi ƙarfi ita ce wadda ba ta dogara da fin ƙarfi ba. Masihirci, komai ikonsa, yana da abin da ba zai iya samar wa kansa ba: littattafan da ke taskar ƙungiya, kayan haɗi da ake rabawa bisa ƙa'ida, yaran koyo da majalisa ke ba da izinin ɗauka, da kuma amincin cewa idan ya kwanta barci sauran ba za su taru a kansa ba. Doka tana tsayawa ne a kan waɗannan, saboda haka jagora ya fara rubuta abin da ƙungiya ke ba ɗanta kafin ya rubuta abin da take hana shi. Idan har sai an yi amfani da ƙarfi, a sa ya zama aikin taro mai tsada, wanda majalisa ke jin tsoron yanke shi domin ta san za a rasa rayuka, kuma wasu daga cikin waɗanda aka kira za su ƙi fita. Ars Magica ya ma buɗe wa gaba ƙofa ta halal a cikin dokar labarinsa: masihirci na iya aika wa abokin gabarsa sanarwar yaƙi a daren cikar wata, yaƙin ya fara a cikar wata mai zuwa, ya ƙare bayan wata guda. Masu tsara shi sun gane cewa masu iko za su yi faɗa ko an so ko ba a so ba, sai suka yi wa faɗan iyaka da lokaci.

Kusa da wannan akwai batun shaida. Idan majalisa tana da sihirin da ke fito da gaskiya tsirara ba tare da iyaka ba, shari'a ta ƙare tun kafin a fara, kuma duk wani bincike da 'yan wasa za su yi ya zama aikin banza. Ko a Dungeons & Dragons, sihirin da ke hana ƙarya yana da kafofi: mutum na iya tsallake shi idan ƙwaya ta yi masa kyau, kuma wanda sihirin ya kama yana sane, yana iya yin shiru ko ya kewaye tambaya matuƙar bai furta ƙarya ba. Jagora ya yanke tun farko abin da majalisarsa ke karɓa a matsayin hujja, shaidu nawa take buƙata, ko tana jin shaidar wanda ba masihirci ba, da abin da take yi idan an tabbatar cewa ana iya canza wa mutum abin da ya tuna. Mai ƙara shi ne ke kawo hujja, kamar yadda duk wanda ya taɓa zama a kotun alƙali ya sani, kuma wannan ƙa'ida kaɗai ta isa ta ba 'yan wasa aikin zama uku ko huɗu na neman wanda ya gani da idonsa kuma bai ji tsoron faɗa ba.

Hukunci ma ana ƙuntata shi, sai ka ga kowane laifi kisa ne. Kashe mutumin da ɗan wasa ya yi watanni yana renonsa fitar da ɗan wasan ne daga zama, shi ya sa jagora yakan ji nauyin zartarwa, ya nemi dabarar yafewa, daga nan kowa ya gane dokar ba ta da haƙori. Tara, da ƙwace yaron koyo, da hana magana a majalisa na shekara, da tuɓewa daga muƙami, da kora zuwa wani gari na bakin iyaka, duk suna da zafi kuma duk suna buɗe sabon labari.

Game da mulki kansa, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora wanda ya fi kowa sihiri a kan karaga a ce shi ne komai. Abin mamaki ne ɗan Sakkwato ya yi wannan, alhali tsarin da ya fi wannan armashi yana gabansa. Tun a 1812 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya raba kula da daula tsakanin ƙanensa Abdullahi a yamma da ɗansa Muhammadu Bello a gabas, kuma bayan rasuwarsa a 1817 aka ci gaba da tafiyar da al'amura daga Sakkwato da Gwandu. Waziri, tun daga Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne ke riƙe da wasiƙu da kula da manyan masarautun gabas, akwai alƙalai da aikinsu daban, akwai masu zaɓen sarki irin su Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadiman Gari, sannan sarakunan nesa suna da ƙofar da suke bi saƙonsu ya isa fada. Abin da jagora zai ɗauka a nan shi ne siffar rabon iko: mai naɗawa daban, mai shari'a daban, mai riƙon taska daban, mai isar da saƙo daban, kuma kowannensu yana iya jinkirta abin da ɗan'uwansa ke so. Masihircin da ke neman izini zai ga cewa wanda ya fi tsare masa hanya shi ne tsohon magatakarda da ba ya iya kunna ko fitila da sihiri, amma sai ta hannunsa takarda ke shiga. Har gaisuwa tana cikin mulki, domin a san wa ake cire wa takalmi, wa ake ce wa "ranka ya daɗe", wa ke zama kafin wa, kuma ɗan wasan da ya ƙi yin haka ya ga sakamako a fuskokin 'yan majalisa.

Gadon mulki shi ne wurin da ake barin fili, a rubuta shugaba mai shekaru ɗari uku don a huta da tambayar. Tarihinmu ya nuna nauyin wannan tambaya: da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur bisa umarnin Sakkwato, Yusufawa, wato magoya bayan abokin hamayyarsa Yusufu, suka ƙi amincewa, aka shiga yaƙin Basasa wanda bai lafa ba sai 1895. Rikicin ya taso ne a kan wanda ya cancanta da wanda ke da ikon naɗawa, kuma irin wannan giɓi shi ne zai riƙe wasa na tsawon shekara. A rubuta yadda ake zaɓe, a bar wuri ɗaya da dokar ba ta fayyace ba, sannan a bar shugaban ya tsufa.

Ana kuma manta talakawa da abinci. Masihirta suna cin tuwo, wani ne ya noma geron, wani ya jeme fatar da suke rubutu a kai, wani ya ƙera musu tukwanen ƙarfe. Sai a fayyace ko suna biyan haraji ga sarkin ƙasar da suke zaune ko shi ke biyansu, wa ke jin ƙarar manomin da sihiri ya ƙone masa gona, kuma wa ke magana da yawunsu a fada, kamar yadda Sarkin Maƙera ko Sarkin Fawa ke tsayawa tsakanin masu sana'arsa da hukuma.

Akwai kuskuren da ya fi shafarmu a nan fiye da masu wasa a wasu ƙasashe, kuma ina ɗaukarsa da muhimmanci. Wasu, don neman labarin ya yi kama da gida, sukan sa ayoyi ko addu'o'i na gaskiya a bakin masihirta, ko su ba shugaban ƙungiyar sunan wani daga cikin magabata, ko su ɗora fadarsu a Hubbare. Wannan bai dace ba. Sihiri haramun ne a Musulunci, abin da ke cikin wasan kuwa ƙage ne irin na tatsuniya, kuma ana kiyaye wannan iyaka ne ta hanyar ƙirƙiro ƙasa da sunaye da kalmomin da ba su da alaƙa da ibada ko da mutanen da ake girmamawa. A ari tsarin muƙamai, a bar sunayen masu su. Idan wani cikin 'yan wasa ya ce wani abu ya dame shi ta fuskar addini, a cire shi nan take ba tare da an nemi ya kare kansa ba.

Jagora kuma kada ya mai da majalisar labari bulalar dukan ɗan wasan da ya ɓata masa rai a waje, ko ya fito da dokar da ba wanda ya taɓa ji a daidai lokacin da take masa amfani. Idan sabuwar doka za ta shigo, a ji ana muhawararta a majalisa tun zama ɗaya ko biyu kafin ta fara aiki, a ba 'yan wasa damar neman ƙuri'u ko su saye su ko su hana zaman, sannan a shigar da ita littafin hukunci a gaban kowa tare da ranar da za ta fara aiki a cikin labarin.