Yadda ɗalibi zai sa guzurinsa ya kai shi ƙarshen wata

A zangona na farko a makaranta, kuɗin da aka ba ni na wata guda sun ƙare a rana ta goma sha biyu, kuma har yau ba zan iya lissafa abin da na saya da su ba. Sauran kwanakin da garin kwaki da ƙuli-ƙuli na cika su, ina zaune a aji malami yana bayani, ni kuwa hankalina yana kan abin da zan sa a bakina da dare. Ɗalibai da yawa a Birnin Kebbi da Aliero da Argungu da Zuru suna cikin irin wannan hali, sai dai kunya ba ta barin su faɗa wa kowa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda ya taɓa shiga ɗakin jarabawa da yunwa ya san gaskiyar maganar. Tsarin da zan bayyana a nan ba zai ƙara maka ko sisi ba, amma zai hana abin da ke hannunka zirarewa ba ka sani ba.

Matakin farko tun a gida yake farawa, kafin ka ɗaura jaka. Ka roƙi iyayenka su mayar da kaso mafi tsoka na guzurinka kayan abinci maimakon su danƙa maka shi kuɗi, domin kuɗi a aljihun matashi ba sa zama wuri ɗaya, alhali shinkafar da ke cikin buhu ba ta raguwa sai ka auna da hannunka. Mu a Kebbi Allah ya yi mana rufin asiri ta wannan fuska, tunda shinkafa a fadamunmu ake noma ta, albasa ga ta a Aliero, busasshen kifi kuma ga shi a Yauri da Argungu. Abin da ya kamata ya shiga kayanka shi ne shinkafa da wake da garin kwaki da garin tuwo da garin kunu, sai man gyaɗa ko manja, da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, da dakakken yaji da ƙuli-ƙuli. Busassun kayan miya sun fi ɗanye amfani ga ɗalibi nesa ba kusa ba, saboda ba su buƙatar firiji, kuma ba a dogara da wutar lantarki a ɗakin kwanan ɗalibai.

Ranar da zan koma zango na biyu, Inna ta zaunar da ni a tsakar gida, ta ɗauko gwangwanin madara ta cika shi da shinkafa, ta shafe bakinsa da yatsa. Ta ce, "Wannan zai ƙosar da kai a zama ɗaya?" Na ce, "Inna, sai dai ɗaya da rabi." Ta ce, "To, ƙirga kwanakinka, mu auna a gabanka, kuma ka tafi da gwangwanin." Ɗaya da rabi sau 30 ya ba mu gwangwani 45, haka muka auna wake da gari, ta ɗaure kowanne daban. Kai ma ka yi irin wannan awon da naka gwangwanin, kada ka dogara da mudu ko tiya, domin girmansu yana bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan. Wanda yake ɗebo shinkafa da hannu a duk girki, a mako na uku zai ga gindin buhu.

Idan ka isa makaranta, ka zuba waken a jarka mai tsabta wadda ta bushe sarai, ka cika ta har wuya, ka toshe murfin da leda yadda iska ba za ta shiga ba. Rashin iska ne yake kashe ƙwarin wake. Buhunan gari kuma ka ɗaga su daga ƙasa saboda ɓera da danshin damina.

Mataki na biyu shi ne ranar da kuɗi suka shigo, kuma a ganina a nan ne wata yake gyaruwa ko ya lalace. Kada ka sayi komai a ranar, ko da katin waya ne, sai ka zauna da biro da ƙaramin littafi ka raba kuɗin gida-gida. Abin da za ka fara warewa shi ne kuɗin motar komawa gida, ka ajiye su inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba, ka ɗauka babu su. Waɗanda suke jami'a a shekarar 2022 sun ga yadda yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya fara a ranar 14 ga Fabrairu, bai ƙare ba sai a watan Oktoba, kuma a yankinmu ana iya rufe makaranta ba shiri saboda matsalar tsaro. Ɗalibin da yake da kuɗin motarsa zai kama hanya da safe ya isa gida da rana, wanda ba shi da su kuwa sai ya tsaya jiran aike har yamma ta yi masa a tasha. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota sun yi tsallen da dole ne ka riƙa tambayar farashi a tasha duk wata, ka cika abin da ka ajiye idan ya gaza.

Bayan haka sai ka ware na takardun darasi da hoton takardu, da na gas ko gawayi, da na data, da ɗan abin da za ka riƙe saboda zazzaɓi. Abin da ya saura ka raba shi gida huɗu, kowane mako da nasa. Misali, wanda yake karɓar kuɗin ɗawainiya daga asusun rancen ɗalibai na NELFUND, wanda aka buɗe shafin neman rancensa a watan Mayun 2024, naira 20,000 yake samu a wata. Idan aka raba su kwana 30, abin da ya zo wa kowace rana bai kai naira 670 ba, tun kafin a cire komai. Wanda ya ga wannan adadi a rubuce ba zai hau babur zuwa inda ƙafa za ta kai shi cikin minti goma ba. Ka kuma tuna cewa rance ne, ba kyauta ba: babu ruwa a kansa, amma ana fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Kuɗin mako kuwa ka cire su a tashi ɗaya, domin mai POS yana cire ladansa a duk lokacin da ka je, kuma cire dubu ɗaya yau, dubu ɗaya gobe, asara ce da ba a jin zafinta sai an tara.

Daga nan sai batun girki. Tukunyar haɗaka da abokan ɗaki tana rage kashe gas da mai, amma ita ce kuma take raba abokai idan ba a yi magana a fili tun ranar farko ba. Ku tsayar da gwangwani nawa kowa zai zuba, wa zai yi girki a wace rana, wa zai wanke tukunya, sannan ku yanke abin da za a yi idan wani ya zo da baƙo. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin ba a raine mu da hana mutum abinci ba, kuma ban ce a hana ba. Wanda ya zo sau ɗaya baƙo ne, a ce masa bismillah da zuciya ɗaya. Wanda kuwa ya san lokacin sauke tukunya yake zuwa kullum, sai a kira shi gefe cikin mutunci a ce ya shigo haɗakar, ko da albasa da gishiri ne zai riƙa kawowa. Sau da yawa za ka tarar shi ma nasa ne ya ƙare, yana jin nauyin faɗa.

Ka jiƙa wake tun dare domin ya nuna da wuri, ka rufe tukunya idan tana kan wuta. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a Birnin Kebbi, miyar da ta kwana ba a tafasa ta ba tana yin tsami kafin azahar, don haka ka tafasa ta da dare, ka sake tafasa ta da safe, dafaffiyar shinkafa kuma kada ka dafa fiye da ta wuni ɗaya. Kada ka fita darasin ƙarfe takwas ba ka sha ko da kunu ba, saboda wanda ya fita da cikinsa wayam shi ne yake tsayawa wajen mai shayi da mai awara ya kashe kuɗin kwana biyu.

Akwai abubuwa biyu da nake roƙonka da babbar murya ka nisance su: cacar ƙwallo ta waya, da manhajojin da suke ba da bashi nan take. Caca haram ce, kuma na ga ɗalibin da ya zuba kuɗin rajistarsa a cikinta yana neman ninki, ya rasa zangon gaba ɗaya. Masu bashin waya kuwa ruwa suke ɗorawa, wasunsu kuma idan ka yi jinkiri sai su bi lambobin da ke wayarka suna aika saƙon tozarci. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, to idan ya zama dole, ka je wurin mai shagon da ya san fuskarka, ka karɓi abinci ba kuɗi ba, ka rubuta a littafinka kamar yadda ya rubuta a nasa, kuma shi za ka fara biya ranar da aike ya iso.

Duk daren Juma'a ka buɗe littafin nan, ka auna abin da ya rage a buhu, ka ƙirga kwanakin da suka saura. Idan ka ga ba zai kai ba, ka kira gida tun da sauran mako guda, kada ka bari sai tukunya ta bushe. Ka gaishe da Baba yadda ya kamata, sannan ka ce masa, "Baba, shinkafa saura gwangwani takwas, wake ya ƙare, jarabawa kuma sai nan da kwana goma sha biyu za mu gama." Wannan zai ba shi sararin da zai sayar da ɗan hatsi ko ya jira albashi, ya kuma nemi direban da ya sani a tasha ya ba shi saƙon ya kawo maka.