Darasi na Bakwai: Neman Tallafi Don Aikin Raya Karkara

Tallafi daban, bashi daban. Bashi ana biya, wani lokaci har da ruwa a kai. Tallafi kuwa ba a mayar da shi, amma ba kyauta ba ce da za a raba kowa ya sa a aljihu. Kuɗi ne da aka bayar don a yi wani aiki takamaimai, a cikin lokacin da aka yanka, sannan a dawo a nuna inda kowane ɓangare nasa ya shiga. A taƙaice, amana ce.

Su wa ke bayarwa?

Gwamnatoci na bayarwa, haka ƙungiyoyin agaji da hukumomin duniya. Sai dai manyan, irin su Bankin Duniya da asusun IFAD na bunƙasa noma, wanda aka kafa a 1977 mai hedikwata a birnin Rum, galibi da gwamnati suke hulɗa. Kuɗinsu kan iso ƙauye ne ta hannun wani shiri na gwamnati. Akwai kuma masu bai wa ƙungiyar al'umma hannu da hannu. Shirin ƙananan tallafi na kula da muhalli da hukumar UNDP, wato hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta soma gudanarwa a 1992 yana cikinsu. Ofisoshin jakadancin Japan ma suna da irin wannan shiri tun 1989. Kowa da sharuɗɗansa, don haka ku sa a karanta muku su a gaban jama'a kafin a rubuta ko da layi ɗaya.

Zaɓen aiki

Nan ne gizo ke saƙar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa ake son mutanen gari su zaɓi aikinsu da kansu. To amma su wa ake nufi da mutanen gari? Idan masu faɗa a ji biyar suka zauna suka yanke, wannan aikin mutum biyar ne. Kira taro, a bar kowa ya yi magana. Sau da yawa za ku ji masu kai kaya kasuwa suna cewa hanya, ita kuwa matar da ke fita tun asuba da bokiti tana cewa ruwa. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Abin da ake bukata shi ne a saurare su, a jera bukatun, a ƙirga hannu, sakatare ya rubuta ranar taron da sunayen waɗanda suka zo da abin da aka tsayar. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Wannan takarda tana da nauyi ƙwarai a idon mai ba da tallafi, domin ita ce shaidar cewa ba mutum ɗaya ne ya ƙirƙiro bukatar ba.

Takardar nema ba ta son dogon turanci. Ta amsa tambayoyi biyar kawai: mece ce matsalar, mutum nawa ta shafa, me za a yi, nawa zai ci, kuma wa zai kula da shi bayan an gama. A haɗa da takardar rajistar ƙungiya da lambar asusun banki na ƙungiya, ba na wani mutum ba. Yawanci ana son mutum biyu ko uku su sa hannu kafin a ciri kuɗi.

Masu ba da tallafi da yawa kan nemi al'umma ta kawo nata kason. Ba lallai ya zama kuɗi ba: fili, yashi, duwatsu, da ƙarfin jiki a aikin gayya duk ana yi musu ƙima a rubuta. Kada ku raina wannan. Ginin da mutum ya ɗebo wa yashi da kansa ba ya zuba ido a lalata shi.

Riƙon kuɗi

Ma'aji ya sami littafi guda, ya ja layi huɗu: kwanan wata, abin da aka saya, kuɗin da ya shigo, kuɗin da ya fita. Duk abin da aka saya a karɓi rasit, a manna shi a ranar, ko da ƙusa ce. Sau da yawa kashi-kashi ake sakin tallafi, kuma ba a sakin kashi na biyu sai an gamsu da lissafin na farko. Rasit ɗaya da ya ɓata yana iya tsayar da gini wata da watanni, rufi bai hau ba ga damina ta kawo kai.

A ƙasar Indunusiya, inda aka fara wani babban shirin bai wa ƙauyuka tallafi a 1998, masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya yi bincike a ƙauyuka fiye da 600 masu gina hanya. Injiniyoyi suka haƙa hanyoyin suka auna kayan da aka zuba a zahiri, aka kwatanta da abin da ke rubuce. A ƙauyukan da aka gaya wa tun farko cewa tabbas masu binciken kuɗi za su zo, kuɗin da ke salwanta ya ragu da kusan 8 cikin ɗari na kuɗin aikin. Ni dai shawarata, kada ku jira baƙo ya zo muku bincike. Ku kafa allo a inda kowa ke wucewa, ku rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma karanta shi a taro saboda waɗanda ba su fara karatu ba tukuna.

Bayan an gama

Abin da ya fi ci mini rai shi ne famfon da ya mutu. Ga shi tsaye, ga allon sunan aiki a gefensa, hannunsa na lilo ba ko ɗigo, mata sun koma rafi. Sau tari abin da ya lalace ɗan ƙaramin roba ne a ciki. Tallafi kan gina, amma da wuya ya biya gyara. Saboda haka tun kafin a aza tubali, a tsayar da ɗan abin da kowane gida zai riƙa bayarwa a asusun gyara, a tura mutum biyu su koyi gyaran, a kuma san inda ake samun kayansa.

Aikin aji

1. Da bakinku, ku faɗi bambancin tallafi da bashi.

2. Aiki zai ci 2,000,000. An ce al'umma ta kawo kashi 10 cikin ɗari. Nawa ke nan? Nawa ya rage wa mai ba da tallafi?

3. Ku ja layi huɗu a littafinku kamar na ma'aji, ku shigar da sayayya uku.

4. Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi bukata ɗaya, ya amsa tambayoyin nan biyar a rubuce, ya zo da su aji na gaba.